Kafin Ka Ɗaga Gaban Hilux, Auna Ta Da Kayanta

Duk Hilux da aka ajiye babu kaya, za ka ga gabanta ya ɗan sunkuya, bayanta ya ɗaga. Masu mota da yawa a nan Dakoro suna ganin kamar lahani ne, sai su kawo ta garaji su ce a ɗaga musu gaba ya yi daidai da baya. Aikin ƙafar mota ne sana'ata, kuma abin da nake fara faɗa wa kowa shi ne kamfani da gangan ya ƙera ta haka. Motar ɗaukar kaya ce, mai iya ɗaukar kusan tan guda. An ɗaga bayanta ne domin idan buhunan hatsi suka hau ta zauna daidai. Wanda ya daidaita ta tana wofi, ranar kasuwa zai same ta gindi a ƙasa, hanci a sama.

Masu son a ɗaga suna da hujjarsu. Daga Maradi zuwa Dakoro kwalta ce, amma da ka nufi Sakabal, ko ka ratsa kwarin Tarka zuwa Bermo da Gadabeji, sai rairayi da sawun manyan motoci. Tayoyinsu suna haƙa rami biyu, su bar tudu a tsakiya, kuma wannan tudun ne ke dukan farantin ƙarƙashin inji. Ga kututturan itace a ɓoye cikin ciyawa bayan damina. Wasu kuma sun ɗaura garkuwar ƙarfe mai nauyi a gaba, resor ɗin, wato sifirin, ya gaji ya zauna. Santimita uku ko huɗu da aka ƙara suna iya raba mota da fashewar tukunyar man inji a wurin da babu mai taimako.

Sai dai motocin ba ƙafa ɗaya gare su ba. Land Cruiser 79, wadda Toyota ta fitar a 1999, tana da aksil guda miƙaƙƙe a gaba, zaune kan resor mai naɗi. Ita ko ka ɗaga jikinta, tulun aksil ɗin yana nan inda yake, taya mai tsawo ce kawai ke nisanta shi da ƙasa. Hilux kat-kat, wato mai ja da tayoyi huɗu, ta ƙirar 1997 zuwa 2004 tana da sandar ƙarfe mai murɗawa a kowane gefe, da noti da ake ɗaurewa gaban ya tashi. Yara a garaji suna son wannan noti saboda sauƙinsa, su yi ta ɗaurewa har ƙafar ta kusa taɓa robar tsayawa, motar ta koma tsalle a kowace gargada. Daga ƙirar Vigo ta 2005 zuwa Revo ta 2015, resor da amortisa, wato abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira shokozoba, a haɗe suke wuri guda. Waɗannan ne ake sayo wa kal, faifai mai kauri da ake sawa tsakanin kan amortisa da shasi.

Aikin kal ɗaya ne: yana tura ƙafar ƙasa, jikin motar ya tashi. Ba ya ƙara wa resor ƙarfi, ba ya ƙara nauyin da mota za ta iya ɗauka, kuma tulun aksil na baya yana nan a tsayinsa na da. A rairayi mai laushi ma rage iskar taya ya fi shi amfani nesa ba kusa ba. Yana kuma da nasa haraji. Idan gaban ya tashi, kardan da ke kai ƙarfi ga tayar gaba yana karkacewa fiye da yadda aka tsara, robarsa ta riƙa gugar kanta har ta tsage, giris ya fita, rairayi ya shiga. Rotil na sama, wato mahaɗin ƙafa mai kan ƙwallo, yana aiki dab da iyakarsa, hannun ƙarfen sama kuma yana iya dukan resor idan taya ta faɗa rami. A ƙasarmu, inda ƙura ke shiga ko'ina, robar kardan da ta tsage ba ta daɗewa kafin kardan ɗin ya fara ƙara a kwana.

Shi ya sa ba na taɓa noti sai mun auna. Ana ajiye motar a daɓe mai lebur, a daidaita iskar tayoyi huɗu, a auna daga tsakiyar ƙafa zuwa bakin ƙarfen da ke saman taya. Daga tsakiyar ƙafa ake aunawa domin kada tsufan taya ya ruɗe mu. A rubuta na huɗun. Sannan in ce wa mai motar: "Alhaji, a yi haƙuri a je a ɗora mata kayan da ta saba ɗauka, a dawo mu sake." Wani ya ce: "Haba maigida, ai da ido ma ana gani." Ido ba ya raba santimita biyu da huɗu, kuma a nan aikin yake. Idan da kaya ta zauna daidai, ba ta buƙatar kal. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya zama, ko gaban ya sauka saboda garkuwa, resor ne ya gaji, sabon resor mai ƙarfi shi ne magani. Sa kal a kan mataccen resor kamar ɗora sabon sirdi ne a kan gurgun doki. Idan kuma bayan ne ke zama ƙwarai da kaya, a lam ɗin baya, wato resor mai falle-falle, gyaran yake.

Motar da kal ya dace da ita ita ce mai yawo da kaya kaɗan: ta ma'aikatan lafiyar dabbobi, ta masu duba rijiyoyi, ta ɗan kasuwar da ke bin garkensa a daji. Ga irinta, a kula da abu uku wajen saye. Na farko, kaurin kal ba shi ne tsayin da mota za ta samu ba. Amortisa a tsakiyar hannun ƙafa yake zaune, don haka abin da ka ƙara a kansa yana kusan ninkawa a wajen taya: kal mai milimita 25 yana ɗaga mota wajen santimita 4 zuwa 5. Mutane da yawa sun sayo mai santimita 5 suna tsammanin 5 za su samu. Ni ba na wuce santimita 5 a taya da hannun ƙarfe na kamfani, kuma na fi son 3. Na biyu, a sayi wanda aka yi wa wannan ƙirar da wannan shekarar, na alminiyom ko ƙarfe da aka yanka da inji, da kusoshinsa masu lambar ƙarfi a kai. Faifan da mai walda ya yanko da wuta ba ya zama lebur, kuma kusoshi uku ne kacal ke riƙe da kan amortisa. Na uku, ko a Maradi ka saya ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ka je da lambar shasi. Mai hali ya sayi resor da amortisa masu tsawo a haɗe, irin na Old Man Emu daga Ostireliya. Sun fi kal tsada, amma suna ɗagawa kuma suna ɗaukar nauyi.

Wajen ɗaurawa, jak kaɗai ba ya riƙe mota a kan rairayi. A sa katako mai faɗi a ƙasa, a tokare shasi da ƙafafun ƙarfe, a datse tayoyin baya. Bayan an cire taya, a kwance maƙalar tiyon birki da wayar ABS kafin ƙafar ta sauka, domin in ta sauka tana ja tiyon zai ji rauni a ciki inda ba a gani. A kwance sandar hana tangaɗi, a saki rotil na sama, a tallafe ƙafar kada kardan ya zare daga gidansa. Sai notuna uku na sama da babbar kusar ƙasa, amortisa ya fito da resor ɗinsa. Akwai noti na huɗu a tsakiyar kan. Shi ke riƙe da resor a matse, kuma wanda ya kwance shi ba tare da na'urar matse resor ba yana iya rasa ido ko haƙora. Wannan nakan maimaita wa kowane sabon yaro. A zaunar da kal, a mayar da komai, amma babbar kusar ƙasa ba a yi mata ɗaurin ƙarshe sai motar ta sauka ta tsaya da nauyinta. In an ɗaure ta a rataye, robar ciki za ta zauna a murɗe ta tsage da wuri. Duka gefe biyu ake yi a rana ɗaya.

Aikin bai ƙare a garajina ba. Ɗaga gaba yana canza tsayuwar tayoyi, dole a kai ta Maradi a yi mata paralelisim, wato saita tayoyi, a kan inji, in ba haka ba sabuwar taya za ta cinye gefe ɗaya, sitiyari ya riƙa yawo. A sauke fitilun gaba, domin yanzu sama suke haskawa, cikin idon mai babur da mai amalanke. Bayan kilomita 500 a dawo a sake bin notuna, a duba robar kardan.

Abin da ya sa nake tsanantawa shi ne na san abin da motocin nan ke ɗauka. Ranar kasuwa akwai buhuna, akwai tumaki, akwai mutane zaune a kan kaya ƙafafunsu na lilo. Duk santimitar da aka ƙara wa tsayin mota tana ƙara mata saurin kifewa a kwana, gaban da ya yi sauƙi kuma ba ya kama hanya idan an taka birki. Mai motar haya da ya zo neman kal, nakan roƙe shi ya kashe kuɗin a lam ɗin baya, da amortisa, da tayoyi masu kyau.