Daga Ƙwaryar Aluwanka Zuwa Robar Haɗi: Gyaran Jiki a Zangon Kumasi

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

  Shirinmu na musamman na yau na ɗakin mata ne, amma maza kada ku sauya tasha, domin kuɗin lefe da na gyaran amarya daga aljihunku suke fita. Za mu leƙa cikin abin da ake shafa wa fata a zango, wanda muka gada da wanda ya shigo mana jiya jiya.

A zangon nan ba a kai amarya ɗakinta sai ta bi ta hannun aluwanka. Ita ce dattijuwar da ke sa ta a lalle, ta yi mata wankan amarci, ta kuma raɗa mata abin da uwa ke jin nauyin faɗa wa 'yarta. Kayan aikinta ba su da yawa: ƙwarya, soso, sabulun salo, dakakken lalle, man kaɗe, sai garwashi da turare. Babu ɗaya daga cikinsu da tsohuwar ba ta san asalinsa ba. Tana iya gaya miki gonar da abin ya fito da hannun da ya sarrafa shi. Ku riƙe wannan, domin a kansa maganar yau ta rataya.

Mu fara da sabulun. Makwabtanmu Asante suna kiran shi alata samina, kuma galibi ana danganta shigowarsa ƙasar nan da 'yan kasuwa mata Yarabawa, waɗanda suka cika kasuwannin Kumasi kafin gwamnatin Busia ta fito da dokar korar baƙi a watan Nuwamban 1969. Da yawansu sun tafi, sana'ar ta zauna.

Yadda ake yin sa kuwa abin sha'awa ne. Idan manomi ya fasa koko ya kwashe 'ya'yan, kwanson da ya rage shara ne a wurinsa. Mata su kwashe shi su shanya, wani lokaci su haɗa da ɓawon ayabar nan da ake dafawa, su ƙone ya zama toka. Sai a jiƙa tokar a tace, irin yadda iyayenmu ke tace ruwan toka na miya. Wannan ruwan ake ɗorawa a wuta tare da man alayyadi, wato man ƙwallon kwakwar manja, a yi ta tuƙawa na sa'o'i har ya yi kumfa, ya taso, ya kama jikinsa. Gishirin da ke cikin toka shi ne ke cin man ya mai da shi sabulu. Ba a sa masa launi. Shi ya sa na gaske ba baƙi wuluk ba ne, ruwan ƙasa ne mai dabbare-dabbare, yana marmashewa a hannu, idan kuma aka bar shi a fili sai ya jawo danshi ya yi laushi. In kin ga wanda yake baƙi sumul kamar an goge shi, to an ƙara masa wani abu.

Akwai wata alaƙa tsakanin sabulun nan da zaman mu a garin nan. Goro ne ya fara kawo kakanninmu. Fataken Kano da Katsina suna bin hanyar Gwanja zuwa Salaga su sari goron dajin Asante, har yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, mutane suka gangaro kudu, wasu suka yada zango a Kumasi. Daga baya koko, wanda Tetteh Quarshie ya kawo irinsa daga tsibirin Fanando Po a 1879, ya jawo dubban ma'aikata daga arewa zuwa gonakin Asante, zango ya cika ya batse. Shekaru da dama Gana ta yi tana matsayi na biyu a duniya wajen noman koko, bayan Kwaddibuwa. Ashe kwanson abin da ya tara mu shi ne muke wanka da shi. Kuma ku je Kano ko Kaduna, ku shiga shagon mai gyaran jiki, za ku ji tana lissafa kayan haɗinta tana cewa "sabulun Gana". Namu take nufi, wanda muke wucewa a kasuwar Kejetia ba mu ko waiwaya ba.

Sai dai sabulun salo yana da kaifi. Yana wanke maiƙo tas, ya bar fata a bushe, mai fata mara ƙwari ma har raɗaɗi za ta ji. Tsofaffi sun san haka, shi ya sa ba sa raba shi da man kaɗe. Ana fitowa daga wanka, tun jiki da sauran lema, a murza man a tafin hannu ya narke a shafe.

Kaɗanya ba ta fitowa a dajin Asante. Bishiyar arewa ce, ta wajen Tamale da Wa da Bolgatanga, kuma takan shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Matan karkara ne ke sammako da damina su tsinto ƙwallon, su dafa, su shanya, su fasa, su soya, su niƙa, sannan su zauna su yi ta bugun ƙullin da hannu cikin ruwa har man ya taso. Aiki ne mai cin ƙarfi, kuɗinsa kuma bai kai wahalarsa ba. Daga nan ake loda shi a manyan ƙorai ya yi tafiyar kusan kilomita 380 daga Tamale zuwa nan. Tun 1994 kamfanin The Body Shop na Ingila yake sayen man kaɗe daga ƙungiyar mata ta Tungteiya da ke yankin Tamale, ya zuba shi a ƙananan gwangwanaye masu ƙyalli, matan Landan su saya da tsada. Mu kuwa sai hunturu ya shigo a Disamba, ƙafa ta fara kaushi, leɓe ya tsage, sannan muke tunawa da shi.

(Ɗan kiɗa)

A shekarun baya-bayan nan an sami baƙi a ɗakin amarya. Dilka da halawa da turaren tsuguno asalinsu na matan Sudan ne, suka biyo ta Maiduguri, Kano ta karɓa, waya kuma ta ƙaraso da su Kumasi. Yarinya tana zaune a Aboabo tana koyon sana'ar daga bidiyon TikTok. Halawa sukari ne da ruwa da lemon tsami, a dafa ya yi danƙo a cire gashi da shi. Dilka ƙulli ne na gari da kurkur da kayan ƙamshi, ana murza shi a jiki ya fitar da matacciyar fata. Ba ni da ta cewa a kansu. Sun ba 'yan mata da yawa abin yi a cikin gida, kuma mai yin su tana iya nuna miki kayan a faranti ɗaya bayan ɗaya.

Inda nake da magana shi ne a kan robar nan da ba ta da suna.

Kun san ta. Ƙaramar roba ce mai murfi, babu takarda a jikinta, ko kuma akwai takarda mai hoton ganye da kalmar "oganik". Mai sayarwa za ta ce miki haɗi ne na musamman, sabulun salo ne da zuma da kurkur da madara, mako biyu kacal ki ga haske. Hajiya, zuma da kurkur ba sa mai da baƙar mace fara a mako biyu. Ba sa yi a shekara biyu ma. Idan haɗi ya yi wannan aikin, to akwai abin da aka matse a ciki ba a gaya miki ba, kuma yawanci ɗaya ne daga cikin abubuwa uku.

Na farko sinadarin haidirokwinon, wanda ke hana fata yin launinta. Likitoci suna amfani da shi a kan tabo, na ɗan lokaci, bisa awo. Idan aka shekara ana lafta shi a jiki duka, sai ya juya ya haifar da baƙin tabo mai kauri a kumatu da goshi, irin wanda ba ya jin magani. Na biyu mayukan sitiroyid, waɗanda asalinsu maganin ƙaiƙayi mai tsanani da kumburin fata ne. Su ne ke sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa ta tsattsage cinya da damtse, ƙuraje su feso, rauni ya ƙi warkewa. Idan suka ratsa cikin jini suna iya tayar da hawan jini da ciwon sukari. Na uku zaiba, wadda ke lalata ƙoda, kuma mai ciki ko mai shayarwa tana iya miƙa ta ga ɗanta.

Hukuma ba ta yi shiru ba. Kwaddibuwa ta haramta mayukan bilicin a 2015. A nan gida, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna, FDA, ta hana shigo da kayan shafa masu haidirokwinon daga watan Agustan 2016. A 2018 hukumar ta sake fitowa tana jan kunnen mata masu ciki da ke haɗiyar ƙwayoyi wai don a haifi jariri fari. A Najeriya ma hukumar NAFDAC ta ayyana matsalar a matsayin ta gaggawa a 2023. To amma jami'in da ke tsaron tashar ruwa ta Tema yana iya kama kwalin da ke da suna. Abin da aka cakuɗa a baho a bayan ɗaki, aka ɗura a roba, aka aika ta WhatsApp, wa zai tare shi? Haramcin ya rage abin a kan kanta, ya ƙara shi a cikin haɗi.

Ban ɗora wa mata laifin su kaɗai ba. Uwar miji da ke ɗaga mayafin amarya tana cewa "kai, ba ta yi haske ba", da saurayin da bakinsa ba ya rabuwa da "fara ko mayya ce", da mai ɗaukar hoton biki da ke wanke fuskar kowa a kwamfuta, duk suna da hannu a cinikin robar nan.

(Ɗan kiɗa)

Kada kuma wani ya ɗauka cewa duk abin da muka saba da shi lafiyayye ne. Akwai biyu da ya kamata mu dube su da idon basira.

Lalle na gaskiya ganye ne. Ana ƙunsa shi ya ɗauki sa'o'i, a da ma kwana ake yi da hannu cikin zunguru, kuma abin da yake bayarwa ja ne zuwa ruwan goro. Zanen fulawa baƙi ƙirin da ke kamawa cikin rabin sa'a, wanda ake cewa dayis, rinin gashi ne, kuma yawancinsa na ɗauke da sinadarin PPD. Wasu ba ya yi musu komai. Wasu kuwa bayan kwanaki sai wurin zanen ya kumbura ya yi ruwa, ya bar tabo daidai siffar fulawar. Wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, to ya ƙi shi ke nan har abada, ko rinin gashi ta shafa sai ya tashi.

Na biyu shi ne kwalli, wanda a kasuwannin ƙasar nan ake kira chilo. Na san wannan zai yi wa wasu nauyi, domin sa kwalli abu ne da muke yi da niyyar bin sunna. Sai dai dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a zuba a tandu, mafi yawansa ma'adinin dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, da aka bi diddigi sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na garin dalma ce zalla. Wanda ya ji labarin Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400, ya san ba abin wasa ba ce. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Dalmar ba ta nuna alama nan take, a hankali take taɓa ƙwaƙwalwa, sai yaro ya shiga makaranta a ga karatu yana ba shi wuya, a rasa dalili.

Saboda haka, iyayenmu mata da ƙannenmu masu shirin aure, ga roƙonmu. Kafin ki miƙa sidinki, ki tambayi mai haɗi abin da ta zuba, ɗaya bayan ɗaya. In ta ce sirrin sana'a ne, ki ajiye mata robarta. Kayan kanti kuma ki duba lambar rajistar FDA a jikinsu. Ke mai sana'ar, hukumar tana da ofishi a nan Kumasi, ki je ki yi wa kayanki rajista, ki manna takarda mai sunanki da jerin abin da ke ciki. Wadda ta daɗe tana shafa mai kuma ta ga fatarta ta fara sauyawa, kada ta koma wurin mai haɗi neman wani haɗin da zai gyara na farko, kada kuma ta yanke shi dare ɗaya ba da shawara ba, domin sitiroyid yana da ramuwa. Ta nufi asibitin Komfo Anokye, Gee ɗin nan da kowa ya sani, ta nemi likitan fata. Kwalli kuwa, don Allah a ɗauke shi daga idon jarirai.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. A gaida mana aluwankoki na kowace unguwa.