Komar da Kwamfuta Halinta na Da

Tun shekarar 2000 kamfanin Microsoft ya sa wa Windows wata dabara, System Restore, wadda kan adana siffar manhaja lokaci-lokaci. In wuta ta ɗauke ana cikin sabuntawa, na'ura ta rikice, sai a komar da ita ranar da take lafiya. Takardun mai ita ba a taɓa su. Amma fa waɗanda ya goge ba sa dawowa.

Abin lura, a Windows 10 sau da yawa dabarar a kashe take. To, in ɗan kasuwar Kantin Kwari ta Fagge ya kai tasa wurin masu gyara a Sabon Gari, ba a sami ranar komawa ba, akan wanke ta ɗungum. In ba a kwafe lissafin bashinsa tukuna ba, ya salwanta ke nan.