UWARGIDA, KADA A DAKA DUTSEN ZINARIYA A GIDA!

Maigidanki yana aikin haƙar zinariya? To, saurara.

A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, wajen Anka da Bukkuyum. Dutsen da ake dakawa a tsakar gida, ƙurarsa na ɗauke da dalma. Yaro ya yi rarrafe, ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga jininsa.

Kada ki ba da aron turminki. Maigida ya yi wanka, ya sake tufafi tun a wurin aiki kafin ya ɗauki yaro. In ma'aikatan lafiya sun zo duba ramuka da koyarwa, lallashe shi ya je.

Kin ga yaro na amai, ko kasala, ko jijjiga? Maza kawo shi asibiti a auna jininsa.