Jiragen wasa na rimot: yadda ake ajiye baturansu idan sanyi ya shigo

Wani mai saurarenmu da ke zaune a Beljiyam ne ya aiko mana da saƙon murya, kuma muka ga tambayar tasa ta fi ƙarfin amsar minti biyu a cikin shiri. Ya ce bara ya saya wa ɗansa ƙaramin jirgin sama irin wanda ake tuƙawa daga ƙasa da rimot, tare da batir biyu. Suka sha wasa da shi har watan Oktoba. Da sanyi ya kama, sai ya cika batir ɗaya taf ya jefa a cikin kwali, ɗayan kuma ya bar shi a jikin jirgin yadda suka gama wasa. Da watan Maris ya zo ya ɗauko su, na farko ya kumbura kamar fanke, na biyu ya ƙi karɓar caji sam. Bana ya sayi sababbi, sanyi kuma yana tafe. Ya zai yi?

Bari mu fara da abin da ake magana a kansa, don da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganinsa ba. Jirgi ne sosai, mai fukafukai da jela da farfela, sai dai faɗinsa galibi bai wuce mita ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Ana yin jikinsa da wani katako marar nauyi da ake kira balsa, ko da farin soso mai tauri, ɗan uwan wanda ake tokare sabuwar talabijin da shi a cikin kwali. Matuƙin yana tsaye a fili da akwatin rediyo a hannu, mai sanduna biyu. Da su yake ƙara wuta ko ragewa, ya ɗaga hancin jirgin, ya karkata shi dama ko hagu. Kuma kada ku ɗauka aikin yara ne kawai. A Amurka masu wannan sha'awa suna da ƙungiya tun 1936, a Faransa kuma tarayyarsu ta kafu a 1966, kuma dattawa masu furfura ne suka fi yawa a filayensu. A watan Agusta na 2003 wani dattijo Ba'amurke, Maynard Hill, ya tada irin wannan jirgi mai nauyin kilo 5 daga gaɓar Kanada, ya ƙetare tekun Atilantika, ya sauka a Ailan bayan kusan awa 39 da tafiyar kilomita dubu 3. Wancan dai da mai ya yi tafiyar. Na yanzu akasari da batir suke tashi.

Batirin kuwa shi ne wanda za ku ga an rubuta LiPo a jikinsa. Dangin batirin talho ne, na sinadarin litiyom, amma ba shi da kwanso mai tauri. Fallaye ne shafaffu a cikin leda mai ƙyalli, an jera su an ɗaure. Kowane falle, in ya cika, yana da bolt 4.2. In ya sauka zuwa bolt 3, ya kai iyakarsa, bai kamata a matsa masa ba. Idan kun ga an rubuta 3S, falle uku ke nan, cikarsu bolt 12.6. An yi shi haka ne don ya zama marar nauyi kuma ya iya zubo wuta mai yawa a lokaci guda, shi ya sa cikin minti biyar zuwa goma na tashi ya ƙare. Wannan ƙarfin nasa shi ne kuma rauninsa. Batirin talho yana da ɗan allon lantarki da ke kare shi in ya cika ko in ya zube. Yawancin baturan jirgin wasa ba su da wannan mai gadi. Mai gadin shi ne mai jirgin.

To me ke faruwa in sanyi ya zo? A birnin Burusel a watan Disamba rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar na yamma, ga iska, ga yayyafi, wani lokaci ga dusar ƙanƙara. Yatsu suna sandarewa a kan rimot. Batirin ma haka. Sanyi yana rage saurin aikin sinadarin da ke cikinsa, sai ka ga batir cikakke ya yi la'asar da wuri, jirgi yana sama ƙarfinsa ya karye. Masu taurin kai da ke fita duk da haka suna ɗora batirin a aljihun ciki, jikinsu yana ɗumama shi, sai za a tashi su fito da shi. Wasu suna komawa manyan zaurukan wasanni su tada ƙananan jirage a ciki. Amma mafi yawa rataye jirgin suke yi wata huɗu ko biyar. A nan ne batura ke mutuwa, a cikin kwali, ba a sararin sama ba.

Ɗan uwanmu na Beljiyam ya yi kuskure iri biyu, kuma duk biyun mai hankali ma zai iya yin su. Na farko, cikawa taf. Mu dai a tunaninmu abin da za a ajiye a cika shi, kamar rumbu. Batirin litiyom ba ya son haka. Idan ya daɗe a kan bolt 4.2, ruwan sinadarin da ke cikinsa yana lalacewa a hankali, yana fitar da iska. Iskar ba ta da mafita a cikin ledar, shi ne kumburin da ya gani. Ko bai kumbura ba, ƙarfinsa ya ragu, kuma ba ya dawowa. Na biyu, barin batir wayam a jikin jirgi. Ko an kashe rimot, na'urar da ke sarrafa injin tana tsotsar wuta kaɗan-kaɗan muddin waya tana jone. Kwana da kwanaki sai fallen ya faɗi ƙasa da bolt 3, ya ci gaba da zurarewa. In ya yi nisa sosai, tagullar da ke cikinsa takan narke ta shiga ruwan sinadarin, kuma ranar da aka tilasta masa caji tana iya haɗa waya daga ciki. Cajar da ta ƙi karɓarsa ba lalacewa ta yi ba, gaskiya ta faɗa masa.

Abin da masu wannan harka suka daɗe da daidaitawa a kai shi ne tsakiya: kowane falle a bar shi a wajen bolt 3.8, wato kusan rabin ciki. Ga mai falle uku, jimilla ta kama 11.4. Ba sai an yi lissafi da ka ba. Kusan duk caja ta kirki da ake sayarwa don waɗannan batura tana da wurin da aka rubuta Storage. In aka zaɓe shi, batirin da ya cika za ta rage shi, wanda ya zube ta ƙara masa, ta tsaya da kanta. A cire batirin daga jirgi. Sannan duk wata, ko wata biyu in an yi sakaci, a ɗauko ɗan ma'aunin nan mai araha a soka, a duba kowane falle daban. Idan ɗaya ya bar ƴan uwansa a baya da nisa, wannan batirin ya fara ban kwana.

Wurin ajiya kuma, sanyi marar tsanani alheri ne gare shi, don yana rage saurin tsufansa. Ɗaki busasshe mai sanyi-sanyi ya isa. Wasu suna sawa a firji, mu dai ba mu ga dalilin wannan wahala ba, don in an fito da shi raɓa takan kwanta a kan wayoyinsa. Babban abin kiyayewa shi ne caji. Kada a jona batirin da ya kwana a gareji mai daskarewa nan take. Yin caji a ƙasa da digiri sifili yana sa litiyom ya taru a matsayin ƙarfe a saman fallen maimakon ya shige ciki, kuma wannan ɓarna ce ta dindindin mai iya jawo gobara daga baya. A shigo da shi ɗaki, a ba shi awoyi ya saki jiki.

Mun ambaci gobara, kuma ba don tsoratarwa ba. Batirin LiPo in ya kama, falle ɗaya ne ke kunna na kusa da shi, da hayaƙi mai guba, kuma wuyar kashewa gare shi. Shi ya sa ake sayar da jaka ta musamman da wuta ba ta ci da sauri, wasu kuma suna amfani da akwatin ƙarfe wanda ba a toshe shi ruf ba, don iska ta samu hanyar fita. A ɗora a kan siminti, nesa da katifa da labule da galan ɗin mai. Kada a jona caji a tafi barci. Wanda ya kumbura kuwa ya gama aiki. A liƙe bakin wayoyinsa da salatif a kai wurin karɓar tsofaffin batura. A Beljiyam akwatunan Bebat suna cikin manyan kantuna da yawa, sai dai batirin da ya kumbura gara a kai shi wurin tara shara na gunduma a miƙa hannu da hannu.

Yanzu ga abin da ya sa muka ce maganar ta shafi har na gida. Ƴan uwa suna zuwa hutu da tsaraba, kuma irin waɗannan jirage da ƙananan jirage masu farfela huɗu sun fara shigowa cikin akwatuna. Ku sani, dokar jiragen fasinja ba ta yarda a saka batirin litiyom da ba ya jikin na'ura a cikin kayan da ake aunawa a tura ƙasan jirgi ba. A jakar hannu ake riƙe shi, bakin wayoyin a rufe. Kuma kafin yaro ya tada shi a bayan gari, a tuna halin tsaro da ƙasa take ciki. Ko a Turai ba a wuce tsayin mita 120, kuma mai jirgin da ya kai giram 250 sai ya yi rajista. A nan gida abin da ke yawo a sama da ƙara yana tada hankalin mutane da jami'an tsaro. A nemi izinin hukuma tukuna, kuma ko kusa da barikin soja ko filin jirgi kada a je.

Ɗarinmu na Disamba da Janairu ba ya yi wa batir komai, illa dai ƙurar hunturu da ke shiga cikin injin. Lokacin da ya kamata mu ji tsoro shi ne bazara. A Afirilu da Mayu, zafin Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram yana haura digiri 40 a inuwa, balle ɗakin kwano da tsakar rana, balle gaban mota a rufe. Cikakken batir a cikin irin wannan zafi yana tsufa cikin makonni yadda zai tsufa cikin watanni a wuri mai sanyi. Haka abin yake ga tsohuwar talho da aka jefa a akwati, da batirin ajiyar caji da ake yawo da shi a aljihu. In za a daɗe ba a taɓa su ba, a bar su da rabin caji, a kashe. Kuma dabarar nan ta huda kumburarren batirin talho da allura don ya sace, don Allah a bar ta, allurar tana iya haɗa fallayen ciki wuta ta tashi a hannun mutum.

Sai dai a kula, kada wani ya ji wannan ya je ya rage batirin babur ɗinsa ko babban batirin sola mai ruwa. Waɗancan na darma ne, kuma halinsu akasin haka yake: a cike ake ajiye su, in suka daɗe a zube sai su mutu.

Wanda aka kawo wa jirgin wasa tsaraba, ba shi da jakar musamman, tsohuwar tukunyar ƙasa ta wadatar. A zuba busasshen yashi a gindinta, a kwantar da baturan a kai, a ɗora murfi sakwa-sakwa, a ajiye a ɗakin ƙasa mafi sanyi a gidan, ba wanda ake kwana a ciki ba, kuma ba kusa da rumbu ba.