Tiren Nama Da Fatalwar Cuku: Abin Da Na Gani A Daren Halowin

Duk wanda ya taɓa zama a Amurka cikin watan Oktoba ya san yadda gari kan sauya kama tun kafin wata ya raba. Ganyen itatuwa ya yi ja ya fara zuba, sanyi ya fara kaɗawa, sai ka ga kabewa jibge a ƙofar kowane kanti, a ƙofar gidaje kuma an rataye kwarangwal na roba da yanar gizo-gizo ta ƙarya. Duk shiri ne na daren 31 ga wata, wanda suke kira Halowin. Wata shekara da na je hutun bincike a wata jami'a da ke tsakiyar ƙasar, wata abokiyar aiki a sashenmu, dattijuwa masaniyar ilimin furuci, ta gayyace ni walimar da takan shirya wa malamai da ɗalibai a gidanta a wannan dare. Da na shaida mata cewa ba na cin naman alade, sai ta ce to in zo da wuri a shirya abincin a gabana, ai gani ya kori ji.

Abincin dai ba dafa shi ake yi ba, jera shi ake yi. Wani faffaɗan tire ne na katako da ake shirya wa yankakken nama mai gishiri, da cuku iri-iri, da zaitun, da 'ya'yan itace, da biskit, kowa ya zo ya tsinta da hannu yana tsaye yana hira. Sunansa charcuterie, kalmar Faransanci da Amurkawa suka ara, kuma 'yan'uwanmu na Yamai da Maraɗi ba baƙuwarsu ba ce, domin suna ganin ta a rubuce a manyan kantuna. Mai nazarin harshe ba ya ganin irin wannan kalma ya wuce bai tone ta ba. Asalinta kalmomi biyu ne, chair, wato tsokar nama, da cuite, wato dafaffiya. A Faransa ta ƙarni na 15 masu wannan sana'a suna da ƙungiyarsu daban da ta mahauta, kuma doka ba ta yarda su sayar da ɗanyen naman alade ba, sai wanda suka dafa, ko suka cuɗe da gishiri, ko suka turara da hayaƙi. Daga nan sunan ya samo asali. Ke nan tun farko kalmar a ɗaure take da alade, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata ɗanmu ko 'yarmu da ke karatu ko aikin asibiti a Ingila ko Kanada su sani kafin su miƙa hannu.

Amma kalma ba ta zama inda aka ajiye ta. A yau, musamman tun da Instagram da TikTok suka mai da ɗaukar hoton abinci wata sana'a, Ba'amurke kan kira tiren alewa zalla charcuterie, alhali babu ko ƙyallin nama a kai. Faransawa na jin haushin wannan, mu kuwa a fagenmu ba ma mamaki, domin abin da muke kira faɗaɗar ma'ana ne. Haka Bahaushe ya mai da kowane garin sabulu omo, kowane dunƙulen miya magi.

Tambayar da ta fi damu na a ranar ita ce, me ya haɗa naman gishiri da bikin fatalwa? Mai masaukina a ganinta yayi ne kawai na zamanin intanet. Ni kuwa ina ganin alaƙar ta girmi haka nesa ba kusa ba. A Turai ta da, makiyayi ba shi da ciyawar da zai riƙe dukkan dabbobinsa har hunturu ya wuce, saboda haka idan kaka ta ƙare sai a zaɓi waɗanda za a bari, a yanka sauran, a zuba wa naman gishiri domin ya kai iyali ga bazara. Wani malamin coci na Ingila mai suna Bede, a littafin da ya rubuta kan lissafin lokaci a shekarar 725, ya ce kakanninsa suna kiran Nuwamba Blodmonath, watan zubar da jinin hadaya, domin a cikinsa suke sadaukar wa gumakansu dabbobin da za su yanka. Har yau gishirin nan yana nan a cikin kalmominsu: salami ta Italiya daga sale ta fito, wato gishiri, haka kuma sunan da Turawan Ingila ke kiran tsiren nan nasu da ake ɗurawa cikin hanji, tushensa kalmar Latin ce salsus, abin da aka sa wa gishiri.

A daidai wannan gaɓa ta shekara ce kuma mutanen Ayalan na da suke bikin Samhain, wanda ake furtawa Sawin, na ƙarshen girbi da shigowar duhun hunturu. An cika faɗin cewa bikin matattu ne tun zamanin maguzancinsu, sai dai masanin tarihi Ronald Hutton, a littafinsa na 1996, ya nuna cewa hujjar hakan ba ta da ƙarfi, kuma tunawa da matattu a wannan lokaci ta fi alaƙa da coci, wanda ya keɓe 1 ga Nuwamba domin waliyyai, 2 ga wata kuma domin sauran mamata. Sunan Halowin kansa taƙaitawa ce ta "jajibirin ranar waliyyai". 'Yan Ayalan da suka yi ƙaura zuwa Amurka, musamman bayan yunwar da ta fara a 1845 lokacin da cuta ta cinye musu dankali, su ne suka fi ƙarfafa al'adar a can. A gida wani ɗan tushen lambu mai tauri suke fafewa su sa fitila a ciki, a Amurka suka tarar da kabewa, ga girma ga sauƙin fafewa. To ka ga tiren da ke gabana ya haɗa tsoro biyu na mutumin Turai na da, tsoron yunwar hunturu da tsoron mutuwa, kuma duka biyun jikokinsa sun mai da su abin wasa da ado. Wasan ma ba ƙarami ba ne, domin ƙungiyar 'yan kasuwar sayar da kaya ɗai-ɗai ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2023 an shirya kashe dala biliyan 12.2 a kan wannan biki.

Mu koma ɗakin girki. Tire biyu dattijuwar ta fito da su, da wuƙa biyu, ta ware guda ta ce wannan alade ba zai kusance shi ba. Abin da ya burge ni shi ne jerin yana da ƙa'ida kamar ginin jimla, akwai abin da dole ya riga wani zuwa. Da farko ta ajiye ƙananan kwanuka uku, na zaitun, na zuma, da na wani jan kwaɗon 'ya'yan itace, domin su ne ba sa lanƙwasuwa, komai sai dai ya kewaye su. Sai cuku, mai tauri da mai laushi, nesa da juna. Sai nama, wanda ba a shimfiɗa shi, ninke shi ake yi ko a naɗe domin ya tashi tsaye ya yi sauƙin ɗauka. Biskit ya biyo baya, a ƙarshe kuma aka cike duk wani gurbi da baƙin inabi da busasshen ɓaure da gyaɗa, har katakon ya ɓace. Lissafinta shi ne kimanin giram 60 na nama ga kowane baƙo, cuku ma kusan haka, tun da ba shi ne abincin dare ba.

Ban tsoron kuwa duk a launi yake da siffa. Launi biyu ne ke mulki, baƙi da ruwan lemo. Ta ɓare ƙananan lemon tanjarin ta soka wa kowane ɗan guntun koren ganye a ka, sai ga 'yan kabewa. Ta raba baƙin zaitun biyu, rabi ya zama jiki, ɗaya rabin ta yanka siri-siri ya zama ƙafafu takwas, sai ga gizo-gizo zaune a kan farin cuku. Wani cukun mai tsawo ta tsattsaga shi kamar gaɓoɓin yatsa, ta liƙa ƙwayar almon a matsayin farce. Wanda ya fi kyau shi ne curin cukun Faransa da ake kira Brie: ta yanke fatar samansa da siffar fatalwa, ta zuba jan kwaɗon nan a ramin, ya yi kamar jini. Ni aikina shi ne sa wa fatalwowin farin cuku idanu da ƙwayar masoro, kuma na yi guda ashirin kafin ta ce sun isa.

Naman da ta sa a tirena bresaola ne, naman sa na arewacin Italiya da ake shanyawa da gishiri, da kuma basturma irin ta Turkawa da Armeniyawa, wadda ta sayo a kantin halal na wasu 'yan Labanan. Bresaolar ma sai da ta karanta mini rubutun jikin ledar, na ce mata naman sa ne, amma ba mu san yankansa ba, ta mai da shi ɗaya tiren ba tare da ta ɓata rai ba. Basturmar nan, da yajin da aka shafe ta da shi, ita ta tuna mini da kilishi, wanda a ganina babu naman da ke kan tiren da ya fi shi cancantar wurin. Shi ma ai dabara ɗaya ce, a yanka nama falle-falle, a shanya, a tsoma a labu, a sake shanyawa, a gasa, ya yi watanni bai lalace ba. Mu rana ce ke yi mana aikin da gishiri da sanyi ke yi musu. Sai dai jami'an kwastan na Amurka ba sa barin matafiyi ya shiga da nama irin wannan daga ƙasarmu, don haka sai labarinsa na ba su.

Abu guda ne ban iya haɗiyewa ba. A tsakiyar babban tiren ta ajiye ƙoƙon kan mutum na roba, ta lulluɓe shi da siraran yankan cinyar alade, har ya yi kama da fuskar da aka feɗe, ta sa zaitun biyu a ramin idanu. Ɗalibai suka yi ta shewa suna ɗaukar hoto. Ni da na tashi a inda ake rage murya idan an wuce da makara, na kasa ganin abin dariya. Na faɗa mata haka, ta yi shiru, sannan ta ce mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce, kuma wannan ne dare ɗaya tak a shekara da ake ambaton mutuwa a gidanta ba tare da baƙi sun sunkuyar da kai sun sauya magana ba. Ban sauya ra'ayina game da ƙoƙon kan ba, amma na daina yi mata kallon mai wasa da abin da ba ta sani ba.

Tun da magariba yara suka fara ƙwanƙwasa ƙofa cikin shigar dodanni da mayu, suna faɗin kalmar da aka san su da ita, wadda ma'anarta ita ce ko a ba su alewa ko su yi ɓarna. Wanda ya yi tashe yana yaro ba zai rasa jin wani abu a ransa ba, ko da yake tushen al'adun biyu bai haɗu ko'ina ba.

Da aka yi awa biyu cif da fito da tiren, dattijuwar ta duba agogo ta fara kwashewa. Hukumar aikin gona ta Amurka, wadda ke kula da lafiyar nama, shawararta ita ce kada nama da cuku mai laushi su wuce awa biyu a waje da firji, awa ɗaya kuma idan zafi ya haura digiri 32, abin da mai sha'awar kwaikwayon wannan tire a Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu ya kamata ya riƙe. Gishirin ma ba ya kashe kowace ƙwayar cuta, domin a farkon 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta danganta ɓarkewar cutar salmonela a jihohi da dama da irin wannan yankakken nama na cikin leda. Fatalwowina ashirin sun ƙare tun a rabin awar farko, basturma ma babu ko yanki. Ƙoƙon kan kuwa, duk da hotunan da ya sha, babu wanda ya iya miƙa hannu ya ɓanɓari fuskarsa, haka ta ɗauke shi da namansa ta juye a kwandon shara.