Tsohon Manomi da Haƙƙinsa a kan Hukuma: Nazari daga Ikara, Maƙarfi da Kudan

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta jawo hankalin mahalarta taro zuwa ga mutumin da ba a cika ambatonsa ba idan ana maganar fansho, watau tsohon manomin karkara da matarsa. Mun zaɓi ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan ne saboda asalinsu ɗaya. A gyaran 1976 duk suna ƙarƙashin Ikara. Aka cire Maƙarfi a 1991, sa'an nan aka cire Kudan, mai hedkwata a Hunƙuyi, a 1996. Ƙidayar 2006 ta ba su mutum wajen 480,000 gaba ɗaya, kuma akasarinsu noma suke yi: dawa da masara da damina, rake da tumatir da barkono a fadamu. Bahaushe kan ce tsohon doki sai mai shi. Tambayarmu ita ce, wane ne mai wannan tsoho a yau?

Gandu da zakka

A da amsar ba ta da wuya, gandu ne. Uba shi ne mai gona, 'ya'yansa maza, har da masu aure, suna yi masa aiki, shi kuma ya ciyar da gida, ya biya musu haraji, ya yi musu auren fari, ya yanka wa kowa gayauna. Idan ƙarfinsa ya ƙare ba ya rasa tuwo, domin rumbun da ake ɗiba nasa ne. M. G. Smith ya bayyana wannan tsari a littafinsa na 1955 a kan tattalin arzikin Hausawan Zazzau, kuma binciken da David Norman ya yi daga Samaru a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi wajen 1966 ya tarar da gandu ya riga ya fara sassautawa. Abin da ya biyo baya ba ɓoyayye ba ne. Gado ya daddatsa gonaki, taki ya zama na kuɗi, samari sun tafi Zariya da Kano da Abuja neman na kansu. Ba mu ce 'ya'ya sun daina jinƙai ba; amma akwai bambanci tsakanin tsohon da ke riƙe da mabuɗin rumbu da wanda ke jiran aike.

Tsohuwa ta fi shiga uku. Surfe da daka da sussuka, waɗanda take samun ɗan mudu da su, injin niƙa da na casa sun karɓe mafi yawansu. Idan kuwa mijinta ya rasu, tumunin da za ta gada, wanda ma sai ta raba da kishiyoyi, ba ya riƙe mutum.

Akwai kuma wani abu da muke ganin ba a lura da shi sosai ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ita muke bi, zakkar amfanin gona tana kan hatsi ne da dangoginsa, kashi ɗaya cikin goma idan ruwan sama ya shayar. Babu ita a kan rake ko tumatir ko barkono, sai dai a kan kuɗinsu idan ya kai nisabi kuma ya shekara. Saboda haka duk gonar da aka juya daga dawa zuwa kayan kasuwa, damin da kan shiga gidan gajiyayye bayan girbi ya ragu, ba tare da kowa ya saɓa wa shari'a ba. Wannan batu ne da ya kamata malamanmu na fiƙihu su zauna a kansa.

Abin da doka ta ce

Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 16, ya ɗora wa hukuma kula da tsofaffi da marasa lafiya da naƙasassu. Sai dai sashe na 6 ya hana a kai ƙara kotu a kan babin da wannan alkawari yake ciki. Dokar fansho ta 2004, da gyaranta na 2014, da ta Jihar Kaduna ta 2016, an gina su ne a kan mai albashi. Manomin rake ba shi da albashin da za a cira. An sa hannu a dokar Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Dokoki dai ba su yi ƙaranci ba.

Ƙidaya da lissafi

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen sanin mutum da sunansa. A zamanin En'e, mai unguwa da dagaci sun san kowane baligi a ƙasarsu, domin duk shekara sai an rubuta shi saboda haraji, har an san tsoho da musakin da aka yafe wa. Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979, kuma ba mu ga laifinsa ba, don an sha zaluntar talaka da su. Amma littafin sunayen ya tafi tare da harajin. Watau hukuma ta iya ƙidaya talaka gida-gida lokacin da take karɓa daga hannunsa, yanzu da ya kamata ta miƙa masa sai ta ce shi ya zo ya nuna kansa.

Alal misali, bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, Gwamnatin Tarayya ta sanar da ba gidaje miliyan 15 Naira 25,000 a wata har wata uku, aka kuma ɗaura biyan da lambar shaidar ɗan ƙasa da asusun banki ko na waya. Dalilin mai kyau ne, a toshe sunayen bogi. To, amma wa sharaɗin ya fi kayarwa? Makaho, da tsohuwar da ba ta da waya, da manomin da fartanya ta cinye zanen yatsunsa har na'ura ba ta karantawa, da Bafulatanin ruga da Bamagujen ƙauye waɗanda ke nesa da ofis. Mai ƙarfin zuwa layi shi ke samu.

Haka nan wajen kuɗi. Shekara da shekaru rabon ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kamar yadda sashe na 162 ya tsara, har ya zama idan aka tambayi ciyaman sai ya nuna Kaduna. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan su kai tsaye, ko da yake aiwatarwar ta yi ta samun tsaiko a watannin da suka biyo baya. Mu dai a ganinmu sauya hanyar kuɗi kaɗai ba zai wadatar ba. Kamfanin sarrafa tumatir na Ikara, wanda aka kafa a 1981 da dukiyar jama'a, ya shafe shekaru masu yawa a rufe, tumatir na ruɓewa a hannun manoma, kuma da yawa daga masu jiran tallafi a yau su ne samarin da aka gina shi dominsu.

Jihar Kaduna ta shiga ƙawancen buɗaɗɗiyar gwamnati a 2018, amma kasafin da aka sa a intanet da Turanci bai isa kunnen tsohon da ke Paki ko Hunƙuyi ba. Abin da muke ba da shawara ƙarami ne. Kowace mazaɓa ta riƙe littafin tsofaffi da naƙasassu, masu unguwanni da limamai da fastoci da shugabannin mata su sabunta shi bayan kowace kaka. Sunayen waɗanda aka ba tallafi, da adadin da ya shigo wa ƙaramar hukuma kowane wata, a liƙa su a ƙofar dagaci da asibitin mazaɓa da boko da ajami, a kuma sa sanƙira ya karanta su da babbar murya ran kasuwa, saboda wanda idonsa ya daina gani.