Kada Ki Sayar Da Asirinki Tare Da Tsohuwar Waya

Yau maganarmu a kan tsohuwar waya ce da tsohuwar kwamfuta. Da yawanmu idan biki ya taso, ko an matsu da kuɗin makaranta, sai mu ba yaro waya ya kai kasuwar Batsari ko ta Safana a sayar. To, 'yar'uwa, kin san abin da ya tafi a cikinta?

Akwai hotunanki na cikin ɗaki ba mayafi, da lambobin dangi, da saƙon banki mai nuna abin da ya shigo wa maigida. Za ki ce ai kin goge. Gogewar nan kamar malama ce ta soke sunan yarinya a rajista, alhali yarinyar tana zaune a aji. Na'ura sunan abin kawai take cirewa, shi kuwa yana nan har sai wani sabo ya hau kansa, kuma masu gyara suna da hanyar dawo da shi. A 2006 BBC ta gano ana sayar da bayanan bankin mutanen Ingila a Legas, daga tsofaffin kwamfutocin da suka zubar.

Mu da ke maƙwabtaka da dajin Rugu abin ya fi shafarmu. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, saboda ɓarayin daji. Mai ba su labari ba abin da yake nema kamar sanin wane gida ne ke da kuɗi, da wanda za a kira.

Saboda haka, kafin waya ta bar hannunki, ki cire layinki, domin yana haɗe da lambarki ta ɗan ƙasa da asusun banki. Ki cire memori ki adana, ko ki karya shi. Ki fita daga WhatsApp da Facebook, sa'an nan ki sa maigida ko ɗanki ya mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, a gaban idonki. Idan kwamfuta ce ta mutu, a ciro faifan ajiyarta a farfasa da guduma kafin a ba 'yan jari bola.

Ku kuma 'yammatanmu 'yan makaranta, masu musayar waya da ƙawaye, ku kiyaye. Hoton da ya fita ba ya dawowa, ya kuma isa ya ɓata maganar aure.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya rufa mana asiri, amin.